Maganin Idon Goggo A'i

Sufyan ya faɗo gida da gudu, tun daga zaure yake ba da labari: an ɗage dokar hana cinikin tattasai, motoci sun fara lodi a Chetimari. Buhunansu da suka daɗe jibge za su tafi, kuɗin aure zai samu, shi ma yau bakinsa zai buɗe, ya gaya wa mahaifiyarsa yarinyar da ke hana shi barci.

Ita ɗin kuwa tana tsakar gida. Hasna ce, 'yar Damasak da gudun hijira ya kawo Diffa, tana taya mahaifiyarsa Goggo A'i tsintar tattasai. Yaji ya sa idonta ya yi ja wur. Goggo ta kwantar da kan Hasna a cinya, 'yar kwalbar maganin ido a hannu.

"Buɗe ido, 'yata. Wannan na lokotoron asibiti ne, ba na kasuwa ba. Hawan jinin idona ma ya riƙe, balle yajin tattasai."

Murnar Sufyan ta tsaya cik. Shi ya raka Goggo asibiti, yana zaune lokotoro ya tambaye ta ko tana da fuka, ko tana shan maganin zuciya. Ya ce ɗigon yana bi ta ido ya shiga jini, mai fuka yana iya toshe masa numfashi, kada ta ba kowa.

Hasna kuwa fuka gare ta. Shi kaɗai ta gaya wa, a bakin famfo, ta roƙe shi ya rufa mata asiri, don ta ji ana cewa mai fuka ba ta aiki, ba ta aure. Ga ta yanzu ta buɗe ido, kunya ta hana ta ƙin kyautar babba.

"Inna, dakata," in ji Sufyan. "Kada ki ɗiga mata. Fuka gare ta."

Hannun Goggo ya tsaya a sama. Hasna ta tashi zaune, ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Haka lokotoro ya ce, na sha'afa," in ji Goggo. Ta rufe kwalbar, ta ƙulle a bakin zane, sannan ta ɗago da idonta mai gani sosai. "Kai kuma yaya aka yi ka san abin da ke ƙirjinta?"

Sufyan ya shiga kallon takalminsa.

"Tashi daga cikin tattasan nan, Hasna. Je ki wanke ido da ruwa mai tsabta. Daga yau ba ki ƙara taɓa shi."

"Goggo, don Allah, aikin nan da shi muke ci."

"Aiki ga mai shi nan tsaye, baki sake. Ni ba zan bari surukata ta shaƙe tun ba a kai goro ba."

Sufyan ya zube gaban tulin tattasai ya hau tsinta, yana atishawa yana dariya, hawaye na zuba. Ba wanda ya ba shi magani.