Tsohuwar Auta Ta Koma Rarrafe

Shekara huɗu yarinyar tana kan sarautar auta, sai ga ƙani ya zo ya yi mata juyin mulki. Sati uku da haihuwarsa ta ajiye ƙafafunta ta koma rarrafe. Bakin nan mai gyara wa manya magana ya koma gwaranci, ruwa ya zama "luwa", abinci kuwa sai an kai mata cokali baki.

Uwarta tela ce, kekenta na falo kusa da taga, tana ɗinki jaririn na goye. Kowa a gidan dariya yake yi ban da ita, don tsoro take kada wani ciwo ne ya taɓa kan 'yarta.

Nan da nan kowa ya zama masani. Uban, malamin makarantar da ba ya barin kalma ta wuce bai yi mata hisabi ba, ya ce sunan abin ci baya. Kaka ta ce, "Kai da iyayi! Ci gaban mai haƙar rijiya ne." Gwaggo ta ce an dai koma gidan jiya, har da tayin sayo kunzugu.

Ran Talata malamar ajinsu ta aiko da takarda: in abin bai canza ba, za a mayar da ita ajin ƙanana. Uwar ta karanta sau biyu, ta ɗauke ƙafa daga keken, ta leƙa ƙarƙashin tebur inda yarinyar ke zaune cikin ƙyallaye tana tsotsar yatsa.

"Ke 'yan mata, gaya min. Me ya sa kike ta komawa baya?"

Yarinyar ta zare yatsa. Da magana tsaf, ba gwaranci ko ɗaya, ta ce, "Ai ban koma ba, Mama. Kullum shi ne a kai."

Sai da uwar ta bi idonta zuwa zanin goyo sannan ta gane wane baya ake nufi. Kunya da tausayi suka rufe ta. Ta kwance jaririn ta miƙa wa Kaka, ta durƙusa.

"Hau."

Nauyi kam akwai shi, ƙafafun har gwiwa suke reto. Kaka ta riƙe baki. "Oh ni! Wa ke goyon wa?"

Yarinyar ta kwantar da kai, ta ce a hankali, "Mama, gobe sai na yi rarrafe, ko haka nan za ki goya ni?"

"Haka nan," in ji uwar. "Da ƙafarki za ki zo."