Allon Gidan Alhaji Bamalli

Da Alhaji Bamalli ya yi ritaya daga aiki a Abuja, sai ya gina gidan haya a Iku. Ɗakunan ƙanana ne, banɗakunan ba su wadatar ba, amma ƙofar gidan abin kallo ce: ginshiƙai manya, zakuna biyu na siminti, ga fitilu. Tun ranar da wani maroƙi ya kira shi "mai ƙasaita" a wajen ɗaurin aure, kalmar ta zauna masa a baki. Motarsa ƙasaitacciya ce, hularsa ma haka. Har ciwon bayansa ya taɓa ce wa likita ƙasaitacce ne.

Ya buga wa Emmanuel waya, wani mai rubutun alluna a Gauraka, wanda ya koyi Hausarsa a bakin titi.

"Ka rubuta min Gidan Ƙasaita a saman ƙofa. Manyan baƙaƙe, ruwan zinare."

Tireloli na ta wucewa da ƙara. Emmanuel ya toshe kunne ɗaya ya ce, "Oga, gidan me?" Alhaji ya maimaita a gurguje ya kashe wayar.

Emmanuel bai taɓa jin kalmar ba. Da ya zo awo, ya tarar ramin masai ya cika ya tumbatsa, baƙin ruwa kwance har bakin ƙofa, ga bola a gefe. Nan ya tuna wata kalma mai kama da wadda ya ji. Ya ce a ransa, ashe da sauran masu gida masu faɗin gaskiya. Ya hau tsani ya rangaɗa GIDAN ƘAZANTA.

'Yan haya suka taru suna dariya. Wani ya ce a kira Alhaji. Malama Rabi'a, malamar firamare da ta gaji da kai ƙorafin masan, ta ce, "Ku ƙyale shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Ranar Asabar Alhaji ya ɗauko abokansa don su ga gidan. A mota yake musu bayani.

"Mutane ba su gane ƙasaita ba. Ba dukiya kawai ba ce. Girma ne da ake hangowa daga nesa, ba sai an yi wa mutum bayani ba."

Suka tsaya a ƙofa. Abokinsa Alhaji Ladan ya sa tabarau, ya karanta allon da ƙarfi, baƙi bayan baƙi, sannan ya ja gefen babbar rigarsa ya rufe hanci.

"Gaskiyarka, Bamalli. Ba sai an yi bayani ba."

Aka kirawo Emmanuel, ya iso a kan acaba da murmushinsa, yana zaton yabo zai sha. Alhaji ya yi ta zazzaga masa faɗa har hularsa ta karkace.

"Ƙasaita na ce! Girma! Daraja! Abin da za a gani a ji kwarjini!"

"Yi haƙuri, oga," in ji Emmanuel. "Amma sai da na zo na duba gidan kafin in rubuta."

Alhaji ya faɗa mota a fusace, ya ja da baya, tayar baya ta lume cikin taɓon masan. Ya taka totur, ta ƙara nutsewa, ta watsa wa Alhaji Ladan baƙin ruwa a wando. Mazan gidan suka harɗe hannu suna kallo.

Malama Rabi'a ta matso wajen tagar motar, ta rusuna.

"Ranka ya daɗe, za su tura. Amma yaushe motar kwashe masai za ta zo?"

"Litinin," ya ce, bai ko kalle ta ba.

Suka tura motar ta fita. A yammacin nan Emmanuel ya gyara allon, Alhaji ya sa ya ƙara wa baƙaƙen girma. Motar kwasa kuwa sai Laraba ta zo, ta zuƙe rabi, direban ya ce iyakar aikin da Alhaji ya biya shi ke nan.