Takwaran Baba Lambros

A bakin ƙofar coci Fotis ya miƙo mini jaririnsa, ya sunkuyo ya raɗa mini a kunne, "Daniyel. Kar ki manta, Yaya Despina."

Na dube shi sheƙeƙe. "Daniyel ɗin gidan wa?"

"Sunan surukina ne. Ya fi daɗin faɗa a can."

Fotis ƙanena ne. Shekarar da tattalin arzikin ƙasa ya durƙushe, aka rufe shagon ƙarafan Babanmu a garinmu Volos, ya saɓi jaka ya yi Holan. Baba ya bi shi har bakin titi yana cewa wanda ya gudu ya bar gida na cin wuta ba ɗansa ba ne. Tun ranar ko gaisuwa ba ta ƙara haɗa su ba. Yanzu Fotis na da kamfanin gyaran injinan jiragen ruwa, da mata 'yar can mai suna Marit, ga tumbi ya fara fitowa. Ni da na zauna kuwa ni na sha wuyar: layin banki, neman maganin Baba, har na mai da shagon wurin shan kofi. Sai bana da baƙi 'yan yawon buɗe ido suka dawo muka fara samun na sawa a baka.

Ni Fotis ya zaɓa uwar baftismar ɗansa. Ni zan faɗi sunan idan limami ya tambaya, abin da ya fito bakina kuwa ya zauna har abada. Kuma kowa ya san ɗan fari sunan kakansa na wajen uba yake ci.

Baba na tsaye a gaba cikin kwat ɗinsa ta aure, ya yi aski, ya ƙi kallon ɓangaren ɗansa. Maƙwabciyarmu Stavrula, wadda bakinta ba ya da murfi, ta zungure shi.

"Lambros, yau za a yi takwara ke nan! Sai ka saki fuska, kamar an aiko maka da sammaci."

"Ni ban roƙi kowa ba," in ji Baba. Amma na ga yana satar kallon jaririn.

In na ce Daniyel, a gaban dukan unguwa na binne tsohon nan da ransa. In na ce Lambros, Fotis zai kwashi iyalinsa, sai dai mu ji labarinsa a bakin mutane. Gaba kura, baya sayaki. Na nemi idon Fotis ko zai tausaya, ya kafe kallonsa a ƙasa. Haushinsa ya turnuƙe ni.

Papa Yerasimos, limaminmu, ya hura wa yaron iska a fuska, ya ɗora masa hannu a ka, ya dube ni.

"Sunansa?"

Cocin ya yi tsit, sai ƙaurin turare. Jaririn ya damƙe sarƙar wuyana.

"'Yata, sunansa?"

"Lambros," na ce. Na maimaita da ƙarfi don na baya su ji.

Stavrula ta rangaɗa guɗa a cikin coci, ba kunya. Baba ya zauna daɓas a kujera, ya rufe fuska da hula. Ban juya ba har aka shafe yaron da mai, aka tsoma shi a ruwa yana tsala ihu. Jira kawai nake in ji ƙarar takalman Fotis suna fita.

A waje Fotis ya tare ni ƙarƙashin bishiyar lemo. Marit na can gefe tana jijjiga yaron, tana kiransa Lambros ba ko tuntuɓe, kamar wadda ta daɗe tana koyo.

Na ce, "To, faɗi abin da za ka faɗa."

Idonsa ya yi ja. "Me ya sa kike zaton ke na zaɓa? Bayan abin da Baba ya gaya mini a bakin titi, ba zan iya sa wa yaron sunansa da bakina ba. Na san ke za ki yi."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na dubi agogonsa mai tsada, na dubi Baba da ke lallaɓowa da sanda wajen jikansa.

Na ce, "Ka bar mini shago, ka bar mini Baba. Wannan ma ni ka bar wa?"