Talabijin ɗin Bakin Titi

Kamfanin kayan lantarkin ya karye, aka ce duk rassansa za a rufe. Mutanen da aka turo su karyar da kaya kuwa ba su san sabo ba. Firji, fanka, kanta, kwandon shara, komai sun maƙala masa jar takardar farashi, har kujerar manaja, shi yana zaune a kai.

Baba Rimot bai yi zaman makokin aikinsa ba, dama ƙafa ta fara gajiya. Shi ne mai kunna talabijin ɗin da aka jera a bango, ya goge su, ya daidaita kala, aljihunsa kullum cike da rimot, inda sunan ya samo asali ke nan. Damuwarsa talabijin ɗaya ce, babbar da ke cikin gilashi tana fuskantar titi. An ɗora mata kyamara a ka, duk wanda ya wuce sai ya ga kansa. Akwai kuma wata ƙarama a kan teburinsa, can bayan firji, mai nuna abu ɗaya da babbar.

Kullum bayan an tashi makaranta wata 'yar yarinya takan tsaya a nan. Ta yi rawa, ta murguɗa baki, ta nuna wa gilashi giɓin haƙorinta. Uwar na gefe, fuska a ɗaure, tana kallon motoci. Uwar nan 'yarsa ce ta cikinsa. Mijin da ta kawo ne bai kwanta masa ba, ya rantse ba zai taka gidansu ba. Mijin ya tashi ya zama mutumin kirki, abin da ya ƙara wa tsohon haushi. Ita ma taurin kan ba a ƙasa ta tsinta ba, sai kowa ya kama gabansa. Bai taɓa ɗaukar jikarsa ba. A ƙaramin allon nan ya san ta, yana laɓe, yana gode wa Allah da ya sa nan ce hanyarsu, kuma ba su san an dawo da shi wannan reshe ba.

Jama'a suka yi ta tururuwar sayen kaya da araha. Wanda ko riga biyu bai cika ba ya rungumi dutsen guga uku. Bangon talabijin ya riƙa zaizayewa, ana barin wayoyi suna reto. Baba Rimot ya kafa ya tsare a bakin gilashi. Duk wanda ya taya babbar, sai ya rage murya ya ce, "Wannan zafi take yi, rana ta gama da ita."

"Baba," in ji budurwar da ke karɓar kuɗi a kantin, "shekara da shekaru kana yabon kaya, yau kai ne mai kushe su?"

"Tsufa ne, 'yata. Gaskiya ta fara kama ni."

Ya yi tunanin ya saye ta da kansa. To, ya kai ta ɗakinsa ya kalli wa? Tsoho ɗaya a bakin gado, shi ke nan abin da kyamarar za ta nuna masa.

Wani mai aski ne ya ɗauke ta da hantsi, har da kyamarar. Ya ce zafi ba komai ba ne, yana da fanka.

Da yamma ta yi, Baba Rimot ya ɗauki tsintsiya ya hau cikin gilashin, wai zai share ƙura. Ya san babu sauran wurin laɓewa. Yarinyar ta iso da gudu, ta ja birki. Ta nemi kanta ta rasa, sai wani tsoho da tsintsiya. Ta ɗaga hannu a hankali, ko abin zai dawo.

Ya ɗaga nasa.

Ta karkata kai, ya karkata. Ta ɗaga ƙafa ɗaya, ya ɗaga, gwiwarsa ta yi ƙara, ya dafa gilashi. Ta buɗe baki ta nuna masa giɓinta, shi ma ya nuna mata nasa, wanda ya fi nata faɗi. Yarinyar ta kwashe da dariya har jakarta ta faɗi.

Da ya sauko, uwar na tsaye a bakin ƙofar kantin, inda ba ta taɓa takowa ba.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau." Ya rasa inda zai ajiye tsintsiyar. "Ashe nan ce hanyarku."

"Ba hanyarmu ba ce. Makarantarta na bayan gidanmu. Sai mun hau mota muke zuwa nan."

Kunya ta rufe shi, da wani daɗi mai ciwo. Duk laɓewar nan da yake yi, ashe kawo masa ita ake yi.

"An ce kun kusa rufewa," ta ce, idonta a kan jar takardar da ke jikin ƙofa. "Daga nan ina zan riƙa kai ta?"

Yarinyar ta zo ta kama bakin aljihunsa tana leƙen rimot ɗin da ba su da sauran abin kunnawa. Ya dafa kanta, karon farko.

"Kada ki ƙara wahalar da ita," ya ce. "A wane layi ne gidan naku?"