Tirela Mai Rarrafe

Lyman Tackett ya ɗage ƙafa daga totur, ya gangara da tirelar gefen hanya, daidai lokacin da 'yar na'urar da ke manne kusa da sitiyari ta yi ƙara ta koma ja. Direbobi Magulmaciya suke kiranta. Ita ke kai wa kamfani da hukuma labarin lokacin da mutum ya yi yana aiki. In lokacin ya cika sai a tsaya ko a ina ne, a yi hutun awa goma, ko ana jin barci ko ba a ji. Yau a bakin sito ta cinye masa nasa, yana zaune yana jiran a loda masa daskararrun kaji.

Daga inda ya tsaya yana hango tankin ruwan garin Pine Ford. Bayan tankin akwai coci, bayan cocin makabarta, kuma da yammacin nan za a binne Hoyt, abokin tuƙinsa tun suna samari.

Waya ta yi ƙara. Kendra ce, mai tsara wa direbobi tafiya a ofis.

"Baba Lyman, na ga ka tsaya. Don Allah ka zauna a tsayen."

"'Yar nan, ga garin can ina kallo."

"Na sani. Amma gargaɗinka na ƙarshe yana kan teburin manaja. In ta sake yin ƙararka, karɓe makulli zai yi. Ka kulle motar, wani ya rage maka hanya."

"In je wa Hoyt a bayan motar wani kamar buhun masara?"

"Ai ba zai gan ka ba, Baba."

"Zai ji ni," in ji Lyman, ya kashe wayar.

A asibiti Hoyt ya riƙe masa hannun riga ya ce kada ya kuskura ya zo masa da fure ranar binne shi. "Ham nake so, tsohon banza. Ka busa min ƙahon tirela. Wanda zai sa littafi ya faɗi daga hannun fasto." Lyman ya ce ya ji.

Ya zauna yana kallon Magulmaciya, ita ma tana kallonsa da jan idonta. Akwai abin da kowane tsohon direba ya sani game da ita: ba ta ɗaukar mota tana tafiya sai allurar gudu ta kai mil biyar a awa. Ƙasa da haka, a wajenta a tsaye kake. Lyman ya danna mata cewa yana hutu, ya sa giya mafi ƙanƙanta, ya saki birki.

Tirelar ta hau kwalta kamar tsohuwar saniya da aka tasa daga inuwa.

Ya bi wannan hanya sau ba adadi, amma sai yau ya gan ta. Ashe akwai wani itace da mutane suka rataye wa tsofaffin takalma, suna lilo a iska. Ashe akwatin wasiƙun wani gida siffar kifi ne, da baki buɗe. Wani malam-buɗe-littafi ya shigo ta wannan taga, ya duba kujerar da Hoyt ke zama a da, ya fita ta waccan, ya wuce gaba ya bar tirelar a baya.

Motoci suka fara taruwa. Wani mai jar akori-kura ya leƙo yana ihu.

"Kai, kaka! Mutuwa ka yi a ciki?"

"Ba ni ba ne, abokina ne!"

Mutumin ya mai da kansa ciki. Jim kaɗan ya kunna fitilunsa da rana tsaka, na bayansa ma suka kunna. A wannan yanki, in aka ga jerin motoci a hankali da fitilu, an san gawa ake rakawa. Masu tahowa daga gaba suka riƙa rakuɓewa gefe suna tsayawa. Wani manomi ya kashe tarakta ya cire hula, ya dafa ƙirji yana yi wa daskararrun kaji ban girma.

Sai ga motar 'yan sanda. Ɗan sandan, wani mai tumbi da ake kira Odell, ya ajiye ta can gaba, ya fito ya jira. Da tirelar ta iso bai ɗaga hannu ba, sai kawai ya bi ta a ƙafa, yana tafiya daidai da taga.

"Tsoho, tun da na sa kakin nan ban taɓa cim ma tirela a ƙafa ba. Mota ce ta lalace?"

"Lafiyarta ƙalau, yallaɓai."

"To me kake yi?"

"Hutawa nake."

Odell ya ɗaga wuya ya hango jan idon na'urar, ya dubi Lyman. "Ka san in na buɗe littafina, wannan hutun naka suna gare shi?"

"Buɗe. Amma ka rubuta kana tafiya, don ba zan tsaya ba. Hoyt Bascom za a binne, na yi masa alkawarin ham."

"Hoyt?" Odell ya yi 'yan taku yana haki. "Mutumin nan ya ba ni wuya. Kullum na tare shi kan gudu sai ya ce birkinsa ne ke jin kunya." Ya share gumi da hularsa. "Oh, ga shi yau a hankali za a raka shi."

Ya koma motarsa da sassarfa, ya kunna shuɗiyar fitila, ya shiga gaba.

Daga kan tudun ƙarshe hanya gangara take zuwa makabarta, kuma nauyin kaya ya fara tura motar. Allura ta ɗaga. Lyman ya taka birki. A ƙasa ya hango baƙaƙen kaya sun kewaye rami, an riga an ɗora akwatin gawar a kan igiyoyi. Da wannan tafiyar ba zai same su ba. Ya dubi totur, ya dubi Magulmaciya.

"Ba za ki ci ni ba," ya ce mata, ya miƙa hannu ya ja igiyar ham.

Ƙarar ta cika kwarin. Tsuntsaye suka tashi daga kan cocin. Mai akori-kura ya danna nasa, sauran motocin suka amsa. A bakin kabarin wata 'yar ƙaramar tsohuwa ta juyo, Verna matar Hoyt. Ta ɗaga sandarta ta tare masu riƙe da igiya, ta sa aka kawo mata kujera, ta zauna tana fuskantar tudun. Fasto ya sunkuya yana ɗaukar wani abu daga ƙasa.

Waya ta sake ƙara.

"Baba Lyman," in ji Kendra, murya ƙasa-ƙasa, "taswira tana nuna min motarka tana rarrafe."

"Iska ce, 'yar nan. Akwai iska yau."

Ya ji tana danne-danne, ya ji muryar manaja daga nesa yana tambayar da wa take magana.

"Da Baba Lyman," ta amsa da ƙarfi. "Na'ura ta ce yana hutawa." Sannan ta dawo kan wayar. "Ita aka ce in yarda da ita, ba idona ba. A huta lafiya, Baba."

Lyman ya ajiye wayar, ya gyara hula, ya ci gaba da gangarowa a hankali, Verna tana jiransa.