Tanti Ta Yi Nauyi

Mijina Iro shekararsa uku kacal a Duwala, amma in ka ji shi yana waya da Faransanci sai ka rantse a nan New Bell aka yanke masa cibiya. Daga Gusau ya zo, atamfa yake sayarwa a kasuwar Mboppi. Faransancin nasa bai fi cikin cokali ba, sai ya ɗaga murya ya cike sauran. Na sha gaya masa, "Maigida, yi Hausarka mana, wanda kake wa magana ai yana ji." Ina! Ko a jikinsa.

Da muka cika shekara da aure ya ce zai kai ni Kribi in ga teku. Kuɗin otal ba mu da su, amma wani abokinsa ya ba shi labarin wurin da mutane ke kafa tanti a bakin ruwa, akwai famfo da banɗaki, a biya abu kaɗan. Shi ke nan zazzaɓin tanti ya kama Iro. Yana son mai ɗaukar mutum biyu, mai fili, marar nauyi tunda mota za mu hau sannan babur, kuma marar tsada. Na ce masa saura ya ce mai dafa mana shayi da kansa.

Gida ɗaya muke da Tanti Delu, ƙanwar mahaifiyata, wadda ta riƙe ni tun ina shekara shida. A nan ba ma cewa Inna ko Goggo, Tanti muke cewa kamar kowa a Duwala, kuma unguwar kaf da haka suka san ta. Waina take sayarwa a ƙofar gida. Allah ya ba ta jiki, masha Allah. In ta tsayar da ɗan babur, sai ya fara leƙa tayarsa ta baya kafin ya faɗi kuɗi.

Wata rana bayan la'asar Iro ya tsaya a baranda yana waya da Sali, wani Bafulatanin Garwa mai sayar da gwanjon kayan Turai a Nkololoun. Sali na jin Hausa tsaf, amma Iro ya zage yana ta Faransanci har maƙwabta na ji: "Je veux aller à Kribi avec la tente, mais elle est trop lourde!" Wato yana son zuwa Kribi da tanti, amma wanda aka nuna masa ya yi nauyi. Tanti na zaune gefe tana wanke tandar waina. Na ga ta ɗago kai, ban kawo komai a raina ba.

Daga ranar Tanti ta canja. Matar da ba ta tashi daga gaban kwano sai ta ga ƙasansa, sai ga ta tana ture soyayyar ayaba, wai ta ƙoshi. Shayi ba sukari. Gari na wayewa za ta ɗaura takalmin roba, ta taka har Nkololoun ta dawo jiƙe da gumi kafin ta hura wutar waina. Na tsorata, na ɗauka hawan jini ne.

"Tanti, likita ne ya sa ki?"

"Ke Rahinatu, fita idona. Mutum ba zai miƙe ƙafa ba sai da takardar likita?"

Sai da aka yi mako uku maƙwabciyarmu Mairo ta fasa mini ƙwan, muna layin famfo. Ta ce, "Kai, mijin nan naki ɗan albarka ne. Wai har da Tanti zai tafi Kribi. Amma shi ma dai, ya rasa inda zai ce ta yi nauyi sai a baranda?"

Bokiti ya kusa suɓuce mini. A Faransanci tantin da ake kafawa da Tantin da ta raine ka, in an faɗe su da baki, sauti ɗaya ne, kuma dukkansu a mace ake ɗaukar su. Da Iro ya yi Hausarsa ya ce tanti ya yi nauyi, da ba wanda zai ruɗe. Na yi dariya har sai da na dafa bango.

Dariyar ta tsaya ne da na shiga ɗakin Tanti ɗauko ashana. A kan gado ga sabon ɗinki, riga da zani da ɗankwali, an ninke su cikin jaka. A saman jakar ga hoton marigayi mijinta, Baba Tanko, direban babbar mota. Tun ina yarinya nake jin yana ce mata, "Delu, ruwan da kike gani a ƙarƙashin gadar garin nan ba teku ba ne. Bari in dawo daga wannan tafiyar in kai ki Kribi." Haka ya yi ta cewa har Allah ya karɓi abinsa. Shekararta sittin ba ɗaya, ba ta taɓa zuwa ba. Na zauna a bakin gadon ina kallon jakar.

Da na gaya wa Iro, hannu biyu ya ɗora a ka.

"Innalillahi! Ni na ce wa surukata ta yi nauyi?"

"Da bakinka, da Faransancinka, gaban unguwa."

"To ai sai a gaya mata gaskiya."

"Bismillah, ga ɗakinta can."

Ya kai har bakin ƙofar, ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi ya kasuwa, ya dawo. Ni ma na gwada sau biyu, na kasa. Ta yaya zan kalli matar da ta hana kanta ayaba mako uku in ce mata ba da ita ake ba?

Ranar Asabar da safe muka tafi wurin Sali ba mu yanke komai ba. Ya kafa mana tantuna uku a ɗan filin da ke gaban shagonsa. Na farko na tamfol ne, kore, mai ƙafafun ƙarfe. Iro ya ɗaga jakarsa ya ajiye da sauri yana riƙe da ƙugu. Na biyu kuwa ba nauyi ko kaɗan, da yatsa biyu na ɗaga shi, an rubuta masa mutum biyu a jiki. Iro ya cire hula ya rarrafa ciki. Kansa ya taɓa can, ƙafafunsa na waje.

Na ce, "Mutum biyun, da rai ko babu?"

Sali ya yi dariya. Ya ce, "Hajiya, Turawa in sun rubuta biyu, biyu ne a jere kamar kifin gwangwani, ba jaka ba juyi. In mutum biyu na son sakewa, na uku ake saya." Ya nuna mana na ƙarshe, ruwan toka, mai rufi biyu saboda ruwan sama, da ragar sauro a ƙofa. Sandunansa ba ƙarfe ba ne, lanƙwasa suke. Zif ɗinsa ɗaya ya taɓa mutuwa an canja, akwai faci a gefe, shi ya sa kuɗinsa ya sauko daidai aljihunmu. Iro ya bi ɗinkin da yatsa, ya sa aka watsa ruwan buta a kai, bai zuba ba.

Muna cikin haka sai ga Tanti ta ɓullo ta kwanar masu walda, da takalmin robarta, tana haki. Na manta shaf hanyarta ce ta kullum. Ta tsaya tana gaisawa da mu, Sali kuwa, bawan Allah, bai san komai ba. Ya daki koren nan na tamfol ya ce wa Iro, "Ka ga wannan shi ne ka ce mini a waya ranar, la tente est trop lourde. Da gaskiyarka, kilo sha ɗaya ne."

Tanti ta kalli tantin. Ta kalli Iro. Ta kalle ni, na sunkuyar da kai. Ba ta yi boko ba, amma ba a yi mata magana sau biyu.

"Au," ta ce. "Ashe wannan ce Tantin."

Ta yi 'yar dariya, ta goge fuska da gefen mayafi, ta daɗe tana gogewa. Sannan ta ce bari ta wuce, ƙullu na jiranta. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Iro ne ya tare gabanta ya durƙusa, nan kan ƙasar kasuwa, da farin yadinsa. Da Hausa ya yi magana, Hausar Gusau tsantsa.

"Tanti, ke muke jira. Ba a sayen ɗaki mai ɗakin ba ta gani ba. Shiga ki gwada mana wannan."

Ta san ƙarya yake, mu ma mun san ta sani. Ta cire takalmi ta rarrafa cikin ruwan tokar nan. Na bi ta. Muka kwanta mu biyu, ga fili har na jaka a ƙafafunmu. Ta ɗaga hannu ta shafa rufin.

"Na mutum uku ne," in ji Sali daga waje.

"Na mutum biyu ne," in ji Iro. "Ina aka taɓa jin suruki ya kwana ɗaki ɗaya da suruka? Ni tabarma da gidan sauro sun ishe ni, a bakin ƙofa."

Sali ya ce ruwan Kribi ba ya sallama kafin ya zo, ya ɗauko wata tsohuwar leda babba ya ɗora masa kyauta. Ni kuwa ina kwance ina kallon ƙafafun mijina ta ragar sauro. Ban taɓa son mutumin nan kamar ranar ba, da Faransancinsa da komai.

Tanti na ta kallon rufin tantin. Na juya, sai na ga hawaye na gangara mata zuwa kunne. Ta harare ni, na kau da kai. Can ta gyara murya.

"Iro."

"Na'am, Tanti."

"Kilo nawa ne abin nan?"

"Uku, Tanti."

"To ni kilo huɗu na sauke daga jikina. Ka ga na ɗauke maka nauyinsa har da ragi. A hanya ka tsaya ka saya mini ayaba."