Gadar Gangunan Saje Maiwada

A daminar shekara ta biyu bayan samun 'yancin kai, ruwa ya tafi da gadar da ta haɗa wani ƙauye na kusa da Gazara da fadamarsa. Gonakin rake da na dawa duk suna tsallake, ga ciyawa ta taso, ga rafi ya cika ya batse. Kwana shida ba wanda ya haye. Dagaci Jumare ya aika Makarfi, aka ce a yi haƙuri sai ruwa ya janye.

A ƙauyen akwai Saje Maiwada, tsohon soja mai gyaran keke, wanda kunnensa ɗaya ya toshe tun yaƙin Boma. Kowa ya san ya je yaƙi, amma ba a san aikinsa a can ba, don ba mai yawan magana ba ne. Ashe cikin masu kafa gada yake. Ya je ƙofar dagaci, ya tuɓe takalmi, ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, a ba ni gangunan mai ashirin da huɗu da majiya ƙarfi goma. Jibi jaki zai haye da yardar Allah."

Wasu suka ce ƙarfe ai nutsewa yake yi. Jumare dai ya sa aka bi gida-gida, har na masu dafa mazarƙwaila aka karɓo. Maiwada ya duba kowace ganga, ya liƙe hudarta da kwalta, ya mayar da uku da suka ruɓe aka kawo wasu. Aka ɗaure gangunan bibbiyu da igiyar rama, aka jera azara a kai, aka shimfiɗa gwangwala.

Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne, bai fara daga wannan gaɓa ya nufi waccan ba. A gefen rafin ya haɗa gadar gaba ɗaya, tana kwance a tsawonta kamar kada. Ya ɗaure gindinta a turaku, ya ɗaura igiya a kanta, ya ɗaura ɗaya bakin igiyar a ƙugunsa, ya faɗa ruwa da shekarunsa hamsin da ɗoriya. Ruwan ya ja shi nesa, har matarsa Kulu ta rufe ido, amma ya fita a tsallake ya zagaya igiyar a jikin wata ɗorawa. Ya ɗaga hannu, aka saki kan gadar. Ƙarfin ruwan da kansa ya juya ta a hankali har ta taɓa ɗaya gaɓar. Ya ce haka suka yi wa wani kogi a Boma, harsasai na zuba, suka bar gawar abokansa biyu a wurin. 

Jakin farko ya toge da ya hango ruwa ta tsakanin gwangwala. Maiwada ya sa aka zuba ciyawa da ƙasa, ya ce a riƙa hayewa ɗaya bayan ɗaya, kada a taka da ƙarfi. Jakin ya wuce, manoma suka biyo da fartanyoyi a kafaɗa.

Kullum da safe yakan zo ya taɓa kowane ƙulli kafin ya buɗe rumfarsa. Bayan mako biyu mutanen Janfalan suka aiko, su ma rafinsu ya raba su da gonaki. Ya ɗaure guduma a bayan kekensa ya tafi.